Rigar Roba Ta Murfin A-Kori-Kura

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda ta ratsa Azare, zai ga a-kori-kura suna ta kai da kawowa da gero, da wake, da shinkafar fadamun Katagum. Abokan gaban wannan kaya uku ne: ruwa, da rana, da ƙura. Don haka ne a ke ɗaura tamfol, waɗansu kuma su kan sa a ƙera musu murfin ƙarfe. Amma shi ma murfin yana da nasa ciwon, gama rana ta kan cinye fentinsa, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama.

Akwai wani magani da a ke sayarwa cikin gwangwani, watau feshin roba. Ana fesa shi kamar fenti, amma in ya bushe ya kan zama fata ce sirirya, wadda a ke iya ɓarewa da hannu ran da aka gaji da ita.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1823 wani mutumin Sikotilan, Charles Macintosh, ya narkar da roba cikin wani mai da a ke samu daga kwal, ya shafa tsakanin ƙyalle biyu, ya yi rigar ruwa. Aibinta shi ne danƙo da zafi, da ƙagewa da sanyi. A 1844 Charles Goodyear na Amurka ya sami takardar mallakar hanyar dafa roba da farar wuta, aka rabu da wannan aibi. A 1972 kuma aka fara yin Plasti Dip a Jihar Minesota, don tsoma ƙotar kayan aiki, daga baya masu mota suka ɗauka.

Ga yadda abin ya ke aiki. Cikin gwangwanin akwai robar da aka yi daga man fetur, narke cikin wani ruwa mai saurin tashi. In an fesa, ruwan ya bi iska, robar ta zauna. Ba ta cin ƙarfe ta shige shi, lulluɓe shi kawai ta ke yi. Abin da ya sa ta ke ɓaruwa ke nan.

Wanda zai yi aikin ya fara wanke murfin da sabulu, ya bar shi ya bushe sarai, gama roba ba ta kama wurin da ke da maiƙo. Sa'an nan ya riƙe gwangwanin kamar taƙi guda daga murfin, ya yi shafen fari kaɗan-kaɗan. Bayan kamar minti 30 ya ƙara. Haka zai yi har sau 5 ko 6. Mai rowa da ya tsaya a shafe biyu zai sha wuya ran ɓarewa, don fatar za ta riƙa yagewa gutsi-gutsi.

Lokaci ma abin lura ne. Da bazara ƙarfe ya kan yi zafi har feshin ya bushe tun bai kwanta ba, ya fito da kaushi. Da hunturu ƙura ta kan manne a jikinsa. Da damina ga laima. Saboda haka kaka ta fi, da safe, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada a kusanto da wuta ko taba, gama tururinsa yana kamawa, shaƙarsa kuma tana cutarwa.

Amma fa kada mai gwangwani ya ruɗe ku. Feshin ba ya kashe tsatsa. In ba a kankare ta ba, za ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Ba ya jure gugar buhu da igiya, don haka bai dace da cikin bodi ba. Fetur in ya zuba a kansa ya kan narkar da shi. A kan tamfol na zare kuwa shiga saƙar ya ke yi, ba ya ɓaruwa. Tamfol da ya huje, faci ne maganinsa. Baƙin feshi kuma ya fi fari jan zafi, abin da mai ɗaukar tumatir ko kifi ya kamata ya tuna.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne malaman ƙauyuka, mu za a riƙa tambaya kafin a kashe kuɗi. Amsar ita ce: murfi mai lafiya, mai santsi, shi ya ke amfana da wannan riga. Wanda ya riga ya ruɓe, a kai shi wurin mai walda tukuna.