Gubar Fiya-fiya: Abin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Isa Asibiti

A gidaje da dama na garin Bauchi ba a rasa 'yar kwalbar fiya-fiya ko Sniper a ƙarƙashin gado, saboda sauro da kyankyasai da kuɗin cizo. Sinadarin da ke ciki, wato dichlorvos, guba ce mai shiga jiki ta baki, ta hanci, har ma ta fata. Tun a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu ana ɗura fiya-fiya a robar ruwa ko ta lemo, yaro ya gani ya zaci abin sha ne.

Alamomin ba sa ɓuya. Yawu na dalala, hawaye da gumi na zuba, ga amai da gudawa. Baƙin ido kan tsuke ya koma kamar kan allura, tsoka na rawa, ƙirji na kurari saboda majinar da ta cika huhu. Wannan toshewar numfashi ita ce kan yi kisa.

Da farko a fito da mutum sarari ya sha iska. A tuɓe masa kayan da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankin ya sa safar hannu ko leda. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15. Wanda ya galabaita a kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya koma huhu.

Kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya karya wannan guba, sai dai ya shaƙe shi, ya kuma ɓata lokaci.

A garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Asibitin Ƙwararru, ko asibiti mafi kusa, tare da kwalbar, don likita ya san irin gubar. Allurar atropine na busar da majinar, numfashi ya daidaita. Ko ya ji sauƙi, kada a gaggauta neman sallama, domin raunin numfashi kan iya dawowa bayan kwana ɗaya zuwa huɗu.

Iyaye, a kulle maganin ƙwari cikin kwalbarsa ta asali, nesa da abinci da hannun yara.