Ƙananan Hukumomi da Yaƙi da Makaman Ƙare Dangi

Gwamnatocin ƙasashe ne ke ƙera makaman nukiliya, amma a kan garuruwa ake saita su. Wannan ce hujjar da ta sa ƙananan hukumomi da magadan gari a sassan duniya suka sa baki a batun da a da ake gani na shugabannin ƙasa ne kaɗai. Majalisar birnin Manchesta a Ingila na cikin na gaba-gaba: a watan Nuwamba na 1980 ta ayyana birnin a matsayin yankin da bai yarda da waɗannan makamai ba. A 1982 kuma magajin garin Hiroshima, Takeshi Araki, ya kafa ƙungiyar Magadan Gari Masu Neman Zaman Lafiya, wadda a yau ta haɗa birane sama da 8,000. Hiroshima ta san abin da take faɗa, domin bam ɗaya da Amurka ta jefa mata ranar 6 ga Agusta 1945 ya hallaka kimanin mutum 140,000 kafin ƙarshen shekarar.

Ga garin kan iyaka irin Jibiya a Jihar Katsina, inda motocin kaya ke bi ta Magama su nufi Ɗan Isa da Maraɗi, batun ba labarin nesa ba ne. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, kuma ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Lokacin hunturu ne. Duk wanda ya san yadda hazo ke saukowa daga arewa ya rufe gari, ya kwanta a kan tsaba a kasuwa da bakin randa, ya san dalilin da ya sa hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi. Iska ba ta tsayawa a shingen kwastan. Wata taswirar sojojin Faransa da aka bayyana a 2014 ta nuna cewa ƙurar gwajin ta isa Chadi da Mali cikin 'yan kwanaki. Bayan gwaji na uku, a Janairu 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa ta kori jakadanta daga Legas, alhali wata uku kacal ke nan da Nijeriya ta samu 'yanci. Duk da haka sai da Faransa ta yi gwaji 17 a Aljeriya zuwa 1966.

Nijar kuwa, da ke ƙetaren iyakar Jibiya, ta fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, ma'adinin da ake sarrafawa don lantarki, ake kuma iya sarrafawa don bam.

A bisa tsarin mulkin Nijeriya, tsaro da hulɗa da ƙasashen waje na gwamnatin tarayya ne. Abin da ke hannun ƙananan hukumomi 774 shi ne kasuwa, tashar mota, ƙananan asibitoci da maƙabarta, wato daidai wuraren da bala'i ke fara sauka. Shi ya sa muryarsu ke da nauyi ko da ba su da ikon sa hannu a yarjejeniya. Abin da majalisar kansiloli za ta iya shi ne zartar da ƙuduri na goyon baya, kamar yadda Paris da Balin da Washinton suka amsa kiran da ƙungiyar ICAN mai fafutukar kawar da makaman nukiliya ta yi wa birane tun 2018, duk da gwamnatocin ƙasashensu sun ƙi yarjejeniyar haramta makaman da ƙasashe 122 suka amince da ita a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017.

A ɓangarorin biyu na iyakar Jibiya, ƙaramar hukuma ba sai ta saɓa wa gwamnatinta ba. Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar ranar 6 ga Agusta 2020, Nijar ta sa mata hannu a Disambar shekarar, yarjejeniyar kuma ta fara aiki ranar 22 ga Janairu 2021.