Hashiya da Rubutun Hannu Wajen Masu Gina Manhaja

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da littafin fiƙihu ya san yadda ake barin matani a tsakiyar shafi, sa'an nan a kewaye shi da hashiya mai fayyace muradin mawallafi. To, irin wannan dabara ce masu rubuta manhaja da harshen Java suka samu a shekarar 2004, sa'ad da aka ba su damar liƙa wa rubutunsu ƙananan alamomi, kowace tana farawa da @, domin su bayyana wa na'ura matsayin abin da suka rubuta.

Asalin mas'alar kuwa shi ne manhaja da rumbun bayanai ba harshe ɗaya suke ji ba. Manhajar makaranta, alal misali, tana ɗaukar ɗalibi a matsayin abu guda, da sunansa da ajinsa da waliyyinsa, alhali rumbun, bisa tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, yana rarraba waɗannan a jadawali dabam-dabam, kuma ba ya amsa kira sai da harshen SQL. Saboda haka aka buƙaci tafinta. Gavin King ya fara irin wannan tafinta mai suna Hibernate a 2001, ƙa'idar JPA ta biyo baya a 2006, har ya zama idan mutum ya sa @Entity bisa ɗalibi, ya sa @Id bisa lambarsa, tafinta zai ɗauki nauyin ajiyewa da ɗaukowa da gyarawa ba tare da an rubuta masa tambaya ko ɗaya ba. Wannan rangwame ne babba, kuma wanda ya taɓa maimaita tambayoyi masu kama da juna har hannunsa ya gaji ba zai raina shi ba.

Amma tafinta, kome ƙwarewarsa, abin da aka faɗa masa yake isarwa, bai san abin da ke zuciyar mai magana ba. Idan aka ce ya kawo sunayen ɗalibai 100 tare da waliyyansu, sau da yawa sai ya je rumbu sau ɗaya ya ɗauko ɗaliban, sa'an nan ya koma sau 100 yana neman waliyyin kowane ɗaya, tafiya 101 ke nan a inda tafiya ɗaya ta wadatar. Kuma illar ba ta bayyana ranar gwaji da ɗalibai 10, sai ranar da rumbu ya cika, manhaja ta yi nauyi, jama'a suna jira. Haƙiƙa akwai hanyar gyara wannan a cikin JPA kanta, sai dai idan aka zo ga rahoton ƙarshen shekara, mai tattara lissafi daga jadawali da yawa, ni a ganina babu abin da ya fi mutum ya zauna ya rubuta SQL da hannunsa. An kuwa bar masa ƙofa: JPA ta halatta aika tambaya kai tsaye, Spring Data ta tanadi alamar @Query, wasu kuma sukan haɗa da MyBatis, wadda ta gaji iBATIS a 2010.

Ga mai rubuta SQL da hannunsa, sharaɗi biyu ne ba a wasa da su. Hibernate yana riƙe da abin da ya ɗauko a ƙwaƙwalwarsa, don haka wanda ya sauya bayani ta bayan idonsa wajibi ne ya sa shi ya sake karantawa, in ba haka ba zai ci gaba da ba da tsohon labari. Kuma haramun ne a manna abin da baƙo ya rubuta a cikin jikin tambaya, domin ta nan ɓarayi ke cusa umarninsu. A keɓe masa gurbi, a miƙa shi dabam.

Ina roƙon matasanmu masu koyon wannan sana'a su fara ƙwarewa a SQL kafin su jingina da tafinta, kuma su riƙa buɗe tambayoyin da yake aikawa da sunansu suna karantawa.