Zaɓen Manhajar Jerin Lambobi a Nazarin Karin Harshe

Manazarcin da ya naɗi maganar dattawa a Malisa ko Kalgo domin kwatanta karin sautin Hausar ƙasar Gwandu da na Daidaitacciyar Hausa, da zarar ya miƙa muryoyin ga kwamfuta, alƙaluma zai samu. Manhajar Praat kan auna tashi da saukar murya a kowace gaɓa, ta fitar da dubban lambobi. Daga nan sai a buƙaci wata manhajar da za ta jera su sahu-sahu domin lissafi.

Galibin irin waɗannan manhajoji buɗaɗɗu ne, kowa na iya ɗauka kyauta ya gyara, kuma sau da yawa mutane ƙalilan ne ke kula da su. A nan haɗarin yake. A 2017 Yoshua Bengio ya sanar da cewa cibiyarsu ta Jami'ar Montreal a Kanada za ta daina bunƙasa Theano, wadda ta yi tashe wajen lissafin jerin lambobi. Manhajar ba ta tsaya nan take ba, amma harshen Python da ta dogara a kansa ya ci gaba da sauyawa, ita kuwa tana wuri guda. Dole ta sa masu manhajar ƙididdiga ta PyMC suka ɗauki nauyin kula da reshenta da kansu.

Tarihin NumPy ya bi wata hanya dabam. Jim Hugunin ya fara Numeric a 1995, daga baya Numarray ta fito, masu amfani suka rabu gida biyu, har Travis Oliphant ya haɗe su aka saki NumPy 1.0 a 2006. Yau pandas da SciPy a kanta suka ginu, saboda haka masu buƙatar ɗorewarta suna da yawa.

Ga mai nazarin muryoyin mutum talatin ko arba'in, saurin manhaja ƙaramin lamari ne. Abin dubawa shi ne yaushe aka yi mata gyara na ƙarshe, kuma mutum nawa ke riƙe da ita. Ko rayayyiyar ma tana sauyawa: NumPy 2.0 ta 2024 ta hana wasu tsofaffin shirye-shirye aiki sai da aka gyara su. Don haka ya kamata kundin bincike ya ambaci lambar fitowar da aka yi aiki da ita, a kuma adana ma'aunan a fayil na CSV tare da muryoyin asali, yadda wani manazarci a Birnin Kebbi ko Sakkwato zai iya maimaita lissafin bayan shekara 10.