Kwanon Awo da Injin Cika Leda a Kasuwar Rimi

Ɗan birni da ya daɗe rabonsa da Kasuwar Rimi ta Kano, ranar da ya ratso ta Ƙofar Mata ya shiga wajen masu kayan abinci, zai tarar shinkafa ta sake kama. Ga ta nan a ledoji da ƙananan buhuna masu tambari, kilo 1, kilo 5, kilo 10, jere a gefen manyan buhunan da aka naɗe wa baki, kwanon awo a kife a kai.

Awo kuwa sana'a ce mai gwaninta. Tsohon ma'auni zai tsoma tiya cikin gero, ya yi mata tozo, ya tare gefe da tafin hannu, ya juye ba tare da ƙwaya ta zube ba. Kafin nan an sha ciniki. "Baba, a rage mana." "Albarka, Hajiya, ko a kasuwar Dawanau ban saro haka ba." Ta juya kamar za ta tafi, ya kira ta, a daidaita, sannan ya damƙo gyara ya watsa mata. A wani gidan wannan gyaran ne kunun yara na safe.

Sai dai kwano ba shi da alƙali. Na wannan rumfa ya fi na waccan zurfi, wani an bubbuge masa gindi, kuma tauye mudu tsohon kuka ne da malamai suka gaji da wa'azi a kansa. Ta nan inji ya samu ƙofa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, shinkafar Kura da Bunkure da Garun Malam ta yi daraja, kamfanoni irin su Umza da Tiamin suka cika kasuwa da buhu mai kilo 50 da 25. Yanzu ƙaramin ɗan kasuwa ma so yake ya ƙulla tasa da sunansa.

Wurin zaɓen injin ne ake tafka asara. Mai rahusa, wanda ke ɗiba da kofi, cika yake aunawa ba nauyi ba, wato mudu ne aka sa masa lantarki. Da zarar danshin shinkafa ko girman ƙwaya ya canza, kilo ya tashi daga kilo. Mai sikeli a ciki ya fi tsada, amma shi ne ke sakin hatsi da sauri, ya rage gudu dab da cika, ya tsaya a kan nauyin da aka saita. Kowane hatsi kuma da halinsa. Riɗi yakan zurare ta ƙaramar kafa, shinkafa takan karye idan ta faɗo daga nesa, ƙurar gero da dawa takan rikita sikeli, gari kuwa injinsa daban ne. Mai hankali yakan je da hatsinsa a gwada a gabansa, ya tambayi wa zai gyara injin a Kano da inda ake samun kayan gyaransa, domin yawancinsu daga Sin ko Indiya ake kawo su.

Ga kuma wuta. A cikin ganuwa inji ba ya rabuwa da janareta, man fetur kuwa tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Kuɗin leda da na ɗinki da na mai duk kan mai saye suke komawa, kuma leda ba ta san gyara ba, ba ta ba da bashi zuwa ƙarshen wata.

Abin takaicin shi ne, ko ledar ma sai an yarda da abin da aka rubuta a jikinta. Akwai sashen kula da awo da ma'auni a ma'aikatar ciniki ta tarayya. Ya kamata jami'ansa su riƙa shiga Rimi da Dawanau da sikelinsu, su gwada kwano, su gwada leda, a gaban masu saye.