Wane Suna Ya Dace da Bakin Kogin da Aka Mayar Dandali? Nazari Daga Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba kalmomin da Hausa take da su na wuraren da jama'a ke haɗuwa da ruwa, domin gano wadda ta dace da matsayar jirage ko gaɓar kogin da aka sake wa fasali ta zama wurin taruwar kowa da kowa. Batun ya shafi masu fassara da ma'aikatan gidajen rediyo, domin sunan da aka liƙa wa wuri shi ke fara gaya wa mutum ko yana da iko ya shiga.

2.0 Tushen Matsalar

Misalin da ya yi fice a duniya shi ne Navy Pier ta birnin Shikago a Amurka. Gini ne mai kama da gada, wanda ya kutsa cikin Tafkin Mishigan kimanin kilomita ɗaya ba tare da ya ƙetare ba. An buɗe shi a 1916 domin jiragen kaya da na fasinja. Ya zama sansanin horar da sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan reshen Jami'ar Ilinoyi daga 1946 zuwa 1965. A 1995 aka sake buɗe shi don shaƙatawa, a 2012 kuma aka zaɓi kamfanin James Corner Field Operations ya sake tsara filayensa. Mai fassarar da ya kira wannan wuri “tashar jirgin ruwa” ya kama aikinsa na farko, ya saki na baya. Wanda ya ce “gada” kuwa ya sa mai sauraro ya zaci ana ƙetarawa ta kai.

3.0 Katagum da Koginta

A farkon ƙarni na 19 Malam Zaki ya kafa garin Katagum a gefen Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya haɗu da Kogin Haɗeja suka zama Komadugu Yobe. Baturen nan Clapperton ya sauka a garin a 1824. A 1916 aka mayar da fadar masarautar Azare, sunan Katagum ya bi sarauta, har ta kai Azare ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum, tsohon garin kuma hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Kogin yakan cika ya tumbatsa da damina, ya janye ya bar rairayi da rani. Ke nan gaɓa ɗaya takan yi ayyuka daban-daban a shekara: fito da su idan ruwa ya kawo, shayar da dabbobi da wanki da noman fadama idan ya ja.

4.0 Kalmomin da Ake da Su

Hausa na tsirar da sunan wuri daga aikatau ta hanyar ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -a ko -i:

(1) sha > mashaya
(2) shiga > mashigi
(3) rina > marina

Mashaya ita ce inda mutane da dabbobi ke samun ruwa, kuma a al'ada ba a hana kowa ita. Sai dai a birane ma'anarta ta faɗaɗa zuwa gidan giya. Haka nan kuma, karin sauti ne kaɗai ya raba ta da jam'in mashayi: sunan wurin duk gaɓoɓinsa sama suke, jam'in kuwa sama-ƙasa-sama ne. Da yake daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba ta nuna karin sauti, a jikin allo kalmomin biyu kamarsu ɗaya.

Mashigi yana nufin inda ake ratsa kogi, saboda haka wurin wucewa ne, ba ya ɗauke da ma'anar zama. Marina kuwa an kawo ta ne don jan kunne: ta yi kama a rubuce da Marina ta bakin ruwan Ikko, alhali ta Hausa wurin rini ce.

Akwai kuma kwata, wadda ke nufin matsayar kwale-kwale a yankin Tafkin Chadi, kamar a sunan Kwatan Daban Masara. Ita ta fi kusa da ginin da ake magana a kai. Amma ga Bakano kwata mahauta ce ko magudanar ƙazantaccen ruwa, don haka ba za ta karɓu ko'ina ba.

“Wurin shaƙatawa”, da kafofin watsa labarai suka yayata, yakan kawo wa mai sauraro hoton katanga da ƙofa da kuɗin shiga. Masunci ko makiyayi ba ya jin kansa a cikinsa.

5.0 Shawara

Kalmar dandali ta shigo Hausa daga dandal ta Barbarci, wato faffaɗan filin ƙofar fada. Ƙasar Guddiri, wadda ta daɗe tana cuɗanya da Barno tun kafin jihadi, ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari. Dandali ba shi da ƙyaure, yara da manya na da haƙƙi a cikinsa. Don haka ana ba da shawarar “dandalin bakin kogi” ga gaɓar da aka gyara, da “dandalin kan ruwa” ga irin ginin Shikago. Inda jirage ke ci gaba da tsayawa, sai a bar wa wannan sashe sunansa na mashigi ko kwata, gwargwadon karin harshen wurin.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kowace tsohuwar kalma aiki ɗaya ta kama, dandali ne kaɗai ya ƙunshi ma'anar mallakar jama'a. Duk ranar da hukuma ta tashi gyara gaɓar Katagum, ya kamata a fara tattara sunayen da masu fito da masunta da mata masu wanki ke kiran sassanta da Guddiranci, kafin siminti ya rufe wuraren, sunayen su bi su. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban kare-karen harshe.