Rage ƙiba: Abinci ko motsa jiki, wanne ya fi tasiri?

Duk wanda ya san fadamun Wurno da Rabah, ko gonakin rani da ke shan ruwan madatsar Goronyo, ya san ba a cika ganin manomi da teɓa ba. Mai ban-ruwa kan wuni yana kai-kawo daga fangali zuwa fangali, jikinsa a murɗe. Amma dillalin da ke sayen albasarsa da tafarnuwarsa, wanda ke wuni zaune a rumfa, sau da yawa shi ne ke kukan nauyin jiki da ciwon gwiwa.

Wannan ya sa mutane da dama ke ganin maganin ƙiba ɗaya ne: a motsa jiki, a yi gumi. Sai dai binciken masana ya nuna cewa kwanon abinci ya fi tasiri a kan sikeli.

Abin da jiki ke ƙonawa

Ana auna kuzarin da abinci ke bai wa jiki da ma'aunin da ake kira kalori. Kaso mafi tsoka na abin da jiki ke ƙonawa a rana, kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, yana tafiya ne wajen numfashi, bugun zuciya, aikin ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi, ko da mutum yana kwance.

A shekarar 2012, masanin Amurka Herman Pontzer da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan al'ummar Hadza ta Tanzaniya, mafarauta masu doguwar tafiya a ƙafa kullum. Sun gano cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Wato jiki yana da dabarar tsimi: idan aka ƙara masa aiki, sai ya rage kashewa ta wani ɓangaren, kuma yunwa ta ƙaru.

Lissafin lemo da mai

Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da kalori kusan 200. Kafin babban mutum ya ƙona wannan, sai ya yi tafiyar sauri ta kusan minti 45, alhali shanta ba ya wuce minti biyu. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kuwa kalori kusan 120 ne, domin kowane giram na mai yana da kalori 9, na tsaba ko sukari kuma 4.

A nan ne matsalar take. Tuwon shinkafa malmala uku da fura mai kauri sun dace da wanda zai wuni da fartanya. Idan mutum ya koma shago ko ofis, babur ke kai shi ko'ina, amma kwanonsa bai ragu ba, ga masa da ƙosai da safe, ga shayi mai madara da sukari da dare, to rarar ba ta da wurin zuwa sai tumbi.

To, a bar motsa jiki ke nan?

A'a. Motsa jiki yana rage haɗarin hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya, ko da nauyi bai sauka sosai ba. Yana kare tsoka lokacin da ake rage abinci, yana kuma taimakawa kada ƙibar ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar manya su samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke gab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci tare da motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba.

Daga ina za a fara?

Ba sai an sayi shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook ba. Abin da ake buƙata yana nan a kasuwannin yankin: zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, wake da kifin Gulbin Rima. A rage malmala ɗaya, a ƙara ganye. A auna mai da cokali maimakon a tsiyaya. A sha fura da nono ba tare da sukari ba, lemon kwalba kuma ya zama na lokaci-lokaci. Masallaci da kasuwa, in ba su da nisa, a taka da ƙafa.

Kwana da yunwa ba mafita ba ne, domin nauyin da ya zube da gaggawa yakan dawo da gaggawa. Rabin kilo a mako ya wadatar. Mai ciki, mai shayarwa, da mai shan maganin suga ko hawan jini, su fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya kafin su sauya abinci. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya nema ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari, ya hanzarta zuwa asibiti a auna jininsa, domin wannan ramar tana iya zama alamar ciwon suga.